Rasuwar Malam Isufu Shekara da Gafarar da Muke Nema Wurin Iyalinsa

Cikin alhini mai nauyi da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukaki, Ƙungiyar 'Yan Cin Rani ta Matameye da Kewaye ta samu labarin rasuwar dattijonta kuma tsohon shugabanta, Malam Isufu Shekara na Tsauni, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata da hantsi a wani babban asibiti a Kano, bayan kwana goma sha ɗaya na'ura tana yi masa numfashi.

Shekara ashirin da shida marigayin ya yi yana sauke baƙinmu a tasha a nan Kano, yana nema musu wurin kwana da abin yi. Bana da damina ta ƙi, samari suka kwararo ta hanyoyin daji saboda iyaka tana rufe tun hawan sojoji mulki a gida, shi ne ya tsaya kan marasa lafiyarsu, kuma a nan ya ɗauki murar da ta sauka huhunsa.

Akwai abin da ba za mu ɓoye wa jama'a ba. A kwana na huɗu likitoci suka ce akwai maganin da suke gwadawa, wanda ake fesawa cikin huhu ta bututun na'urar don kada huhun ya manne, amma ba su yi alkawarin warkewa ba, kuma sai dangi sun sa hannu da wuri. Uwargidansa, Hajiya Sa'a, wadda ta biyo shi Kano, ta ce ta yarda, a ba ta takardar. Mu kuwa muka ce ba a yanke irin wannan magana alhali babban wansa, Alhaji Idrisa, yana raye bai ji ba. Alhaji Idrisa kuma ya kora tumakinsa neman ciyawa inda babu rezo, waya ba ta shiga. Kwana uku ana cigiyarsa, da aka same shi ya ce me muke jira, amma likitoci suka ce lokacin gwajin ya wuce. Ajali na Allah ne, mun sani, sai dai jinkirin namu ne, kuma yana ci mana rai.

Daga yau, duk ɗan ƙungiya zai faɗi wanda zai sa masa hannu tun kafin ya bar gida.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Alhaji Idrisa Shekara, da 'ya'yan marigayin bakwai, da mutanen Tsauni baki ɗaya. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa juriyar wannan rashi. Ga Hajiya Sa'a kuwa, bayan ta'aziyya muna roƙon gafara, musamman ni mai wannan sanarwa, domin ni ne na karɓe bik, alƙalamin da za ta sa hannu da shi, daga hannunta.

Alhaji Lawwali Manu,
Kakakin Ƙungiyar 'Yan Cin Rani ta Matameye da Kewaye