Idwal da Ciyawar Japan

Pontardawe, Afrilu

Yaya Nerys,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida Emrys. Yaya tarin naki, ya lafa? Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwoyina.

Kin san mun sami masu sayen gidanmu, wasu yara sababbin aure. Har na fara naɗe kofuna a tsofaffin jaridu. To, mai duba gida da banki ya turo ya leƙa bayan rumfar kayan aiki, ya dawo fuska a murtuke. Ciyawar Japan ce, Yaya, mai jan tsiron nan kamar gora. Ya ce banki ba zai ba yaran rance ba sai ƙwararru sun ɗauki nauyin kashe ta.

Kin dai san mijina. Idwal ya ce, "Ni da na ƙare ƙuruciyata ina narka ƙarfe, ciyawa ce za ta gagare ni? Eirlys, ɗora mana shayi."

Na ce, "Mutumin fa cewa ya yi kada a taɓa ta."

Ya ce, "Wancan? Dubi takalminsa. Ya taɓa riƙe shebur?"

Ni dai burina mu koma Cardiff kusa da 'yarmu Carys kafin ta haihu, mu sami gidan da ba bene. Jiya a zaune na sauko matakala.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Eirlys

Pontardawe, Yuni

Yaya Nerys,

Ina gaishe ki da kyau. Na gode da zumar. Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, kaina zai fashe. Idwal ya sare ciyawar, ta fito. Ya ƙone ta, ya ƙona rabin shingen tare da ita, ta fito. Ya zuba gishirin da zai ishi garin nan duka, ta fito ta fi ni tsawo. Sai ya ɗauko hayar motar haƙa, shi da abokinsa Talfryn, wanda ido ɗaya yake gani da shi. Suka tona rami inda nake shanya, suka fasa bututun ruwa, suka shigo mini kicin da laka suna neman kek.

Ashe saiwarta ko guntu kamar farce ya saura, sai ya tsiro. Da a kusurwa ɗaya take. Yanzu tana tsakanin duwatsun daɓe, tana bakin magudana, jiya na gan ta jikin ƙofar baya kamar mai jiran a ce ta shigo.

Yaran sun fasa sayen. Amaryar da kanta ta zo ta gaya mini, tana hawaye tana ba ni haƙuri. Ni na koma ina rarrashinta. Da ta tafi na ce da Idwal, "To, sarkin ƙarfe, ka ji daɗi?"

Ya ce, "Saura kaɗan, mace. Ta fara gajiya."

Wai ita ce ta fara gajiya! Na mayar da kofunan cikin kabad.

Taki har kullum, Eirlys

Pontardawe, Satumba

Yaya Nerys,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Carys ta sauka lafiya, mace, hancin Baba ta ɗauko. Na je na gan ta, na dawo a bas ina kuka kamar wata sakarya.

Ranar Lahadi bayan coci maƙwabciyata Misis Prosser ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, riƙe da jan tsiro a hannu. Ta ce, "Eirlys, wannan ɗan gidanku ne? A cikin albasata na tsince shi."

Yaya, ƙasar da ya tono, ashe bai kai ta inda ake kai irinta ba. Wai ƙasa ce baƙa mai kyau, asara ce a zubar. Rabawa ya yi! Ya kai wa Misis Prosser a baro, ya kai lambun coci, ya kai filin ƙwallon rugbi. Yanzu in na shiga kanti sai hira ta tsaya.

Ƙwararrun sun zo sun fara feshi. Sun ce shekara uku, kuma kafin nan sai mai tsananin sa'a zai sami mai saye. Jikata za ta yi magana kafin mu matsa kusa da ita. Washegari Idwal ya kwance gadonmu shi kaɗai, ya sauko da shi falo saboda gwiwoyina, ya ɗaura labule a karkace. Na so in ci gaba da fushi, sai rabinsa ya huce.

Da safen nan na ce masa, "Gaya mini gaskiya, sai kuma wa ka kai wa?" Ya juya cokali a kofi, ya ce, "Yayarki."

Yaya, ki zauna in a tsaye kike. Furen wardin nan da ya kawo miki a babbar tukunya ranar zagayowar haihuwarki, da wannan ƙasar ya cika ta. In yana cikin tukunyar, kada ki motsa shi. In kin riga kin dasa, don Allah ki ɓoye wa Emrys shebur, ki kira ni.

Idwal yana gaishe ki. Ya ce bana ba zai sami zuwa Kirsimeti ba.

Ƙanwarki mai ƙaunarki, Eirlys