Duwatsun Gefen Zoben Nubia

Litinin, 3 ga Maris
Ruwa tun safe a Bogota. Wani saurayi, Yeison, ya kawo koren dutse, zumurrudu, a ƙulle cikin hankici. Zoben aure yake so, da lu'ulu'u biyu a gefe. Na baje masa irin yankan lu'ulu'un da ke akwai: mai kusurwa uku, rabin wata, dogo siriri, da mai faɗin kai da tsukakken gindi. Ya ce, "Don Aristides, ni duk ɗaya nake ganinsu, ku zaɓa." Na zaɓi na ƙarshen. Shi ke zama daf da dutse mai kusurwa huɗu.

Talata, 4 ga Maris
Na duba dutsen da gilashin ƙara girma. Tsaga a ciki kamar gashin tsuntsu, ta hagu. Na marigayiya matata ne, Amparo. Ni na dasa shi shekara talatin da huɗu da suka wuce. Ashe 'yata Nubia ce amaryar.
Aiki dai aiki ne.

Alhamis, 6 ga Maris
Shekara tara 'yata ba ta yi mini magana ba. Ranar da uwarta ta cika a asibiti ina kan bencin nan ina ƙarasa zoben wani. Abin da take faɗa a kaina ke nan, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Juma'a, 7 ga Maris
Lu'ulu'u biyun da wani dillali ya aiko ba su yi ba. Ɗaya ya fi ɗaya tsawo da ƙyar, kuma ya ɗan yi rawaya. Fulvia mai goge zobba ta ce, "Kai tsoho, wa zai gani? Sai ƙuda." Na mayar.

Laraba, 12 ga Maris
Dillali bakwai, hawa bene har gwiwa ta kumbura. Na samu biyu kamar tagwaye a wajen wani kurma. Fulvia ta ce ko zoben matar minista ban yi wa wannan wahalar ba. Na ce ta sha kofinta.

Juma'a, 14 ga Maris
Na dasa. Sau ɗaya na fita na dawo. Babu ratar da gashi zai shiga.

Asabar, 15 ga Maris
Ya zo karɓa. Ya daɗe yana juya zoben, sannan ya ce, "Ita ta turo ni nan, Baba. Ta ce duk garin nan ba wanda zai taɓa dutsen mamarta sai ku. Ta ce kar in faɗa."
Na ce ya riƙa cire mata shi in za ta yi wanki.
Ya bar katin biki a kan benci. Ban buɗe ba.

Lahadi, 16 ga Maris
Na buɗe katin: ashirin da shida ga Afrilu, ƙarfe huɗu. Asabar ce, ranar ciniki.
Na gwada baƙar kwat ɗina. Ta matse a ciki. Gobe zan biya wajen tela, dama hanyata ce.