Dutsen Niƙan Kaka

Litinin, 8 ga Mayu

Baba ya ce jibi za mu bar gari. 'Yan bindiga sun ƙone ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu. Ni kuma, Allah ya yafe mini, Sanusi na fara tunawa, mai kawo mini aron littattafan soyayya daga Faskari. Ban taɓa iya kallon idonsa ba.

Laraba, 10 ga Mayu

Kaka ta ƙi hawa mota sai da muka kife dutsen niƙa a tsakar gida. Ta ce tun da aka ci Katsina da yaƙi, sarakunanta na da suka koma Maraɗi, garinmu ya zama bakin iyaka. Mahaya su sauko ta daji, kakanninmu su haye duwatsu. Wai sau uku ana kife dutsen nan, sau uku ana dawowa a buɗe shi.

"Wanda ya kihe dutse bai tahi ba, ɗiyata. Wanda ya ɗauke shi, shi ya tahi."

Asabar, 13 ga Mayu

Mun sauka a garin Ƙanƙara. Ɗaki ɗaya, mu tara. Babu inda mutum zai yi kuka.

Talata, 30 ga Mayu

An yi ruwan shuka. Baba ya tsaya a ƙofa yana shaƙar ƙamshin ƙasa. Kaka ta hana a kai hatsi inji, wai tuwonsa ƙarfe yake wari. Kullum sai ta ce, "Mansura, mi aka ce game da hanyar gida?" In ce ana gyarawa.

A littattafai ana rabuwa ne don a haɗu a shafin ƙarshe. An ce su Sanusi sun yi Zariya.

Juma'a, 16 ga Yuni

Baba ya saci jiki ya je gano gida. Ya dawo da la'asar, da abu ɗaure cikin buhu a bayan babur. Don Kaka ta samu tuwon da take so, in ji shi. Ya manta da maganar Kaka kan ɗauke dutse ne, ko bai manta ba?

Kaka ta shafa dutsen. Ta ce, "Sannu da hanya, Mamuda." Ta juya fuska bango.

Lahadi, 2 ga Yuli

Ni nake niƙa yanzu. Kaka ta daina tambayar hanya.

Ɗazu a bakin famfo na ce wa wata yarinya zan koma gida. Sai da na sauke bokiti na lura ɗakin nan nake nufi.