Kada Bayan Uwarku Ya Bi Nawa

Da sunan Allah. Ni Abdussalam, mai shagon yadi a kasuwar Garwa, nake rubuta muku wannan wasiyya, 'ya'yana. Bayana ya karye, amma hankalina garau yake.

Na ɗaya. Shagon na bar shi a hannun babban wanku Bukar, gida kuma a raba shi yadda shari'a ta ce.

Na biyu. Kujerar da nake salla a kanta a ƙarshen sahu, ku ba wani masallaci can nesa. Ba na so Hamadu, ɗan masallacinmu, ya riƙa ganinta. Damina ɗaya muka faɗi ni da shi, ƙashin bayanmu ya tsage. 'Ya'yansa suka saka shi a jirgin ƙasa daga Ngawundere zuwa Yawunde, likita ya ɗura masa siminti a ƙashin da allura, yadda yanzu tsofaffi ke ta zuwa ana yi musu. Yau shi ne a bayan liman, a gurbina, yana ruku'u kamar saurayi, har yana dagewa a cikinsa don in gani. Mutumin da ya girme ni! Ina kishinsa, na faɗa, Allah ya yafe mini.

Ku kuwa kuka ce ba a yanke magana sai babban wa yana nan. Bukar na kan hanya da motar shanu, mai ɗori na ta shafa mini mai. Da ya dawo kuka kai ni, likita ya duba hoton ya ce ƙashin ya riga ya haɗe a karkace.

Na uku. Hawa'u 'yata, ki daina gaba da wanki Bukar a kan wannan. Gabarku ba za ta miƙar da ni ba.

Na huɗu, shi ne babba. Uwarku Kaltuma ta zame a bakin rijiya, ga ta kwance tana cewa sanyi ne. Na san wannan nishin. Duk wanda yake gida shi ne babba, ko autarku Haula ce. A kai ta Yawunde cikin makon nan, kada a jira kowa.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu jin ƙanku. Ku riƙe juna, ku riƙa cin abinci a kwano ɗaya. In ajalina ya zo ranar tafiyarta, kada ku fasa, ku tafi da ita. Maƙwabta za su binne ni. Ko Hamadu ne zai ɗauki makarata da wannan bayan nasa, na haƙura.