Sabis Ba Ya Wuce Ƙofar Marigayi

Zuwa ga mai kula da wannan fili,

Ina neman taimakonki a kan lamarin da na san zai yi kama da ƙarami. Ranar Talata, tara ga watan Janairu, da hantsi, babbar mota ta buge ɗana na fari a hanyarsa ta zuwa aiki. Ya cika kafin a isa asibiti, yana da shekara ashirin da huɗu. Na faɗi wannan ne don ki fahimci sauran bayanin, ba don neman ta'aziyya ba. Ta ishe ni.

Shi ya haɗa mana intanet a gida. Ya ɗora rauta, na'urar da ke rarraba sabis ɗin, a kan kabad a ɗakinsa, can ƙarshen gida, ya raɗa wa waifai ɗin suna "Ku Sayi Naku" don tsokanar maƙwabta. Cikin masu zuwa gaisuwa akwai waɗanda suka sunkuyo daidai kunnena, na zaci addu'a za su yi, ashe kalmar sirri suke tambaya. Na ba su.

Ƙanwarsa tana shekarar ƙarshe a jami'a, rabin darussanta kuwa ta intanet ake yi. Da can a ɗakinsa take zama, suna faɗa a kan kujera. Yanzu mahaifiyarsu ta kulle ɗakin, ƙofar ta ƙarfe ce, sabis ba ya kaiwa ko falo. Don haka yarinyar a ƙasa take karatu, ta jingina da ƙofar yayanta, kwamfuta a cinya. Layi ya taɓa katse mata ana tsakiyar gwaji, ga babbar jarrabawa a wata mai zuwa. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Na kira mai gyara. Yana taunar cingam ya ce dole a dawo da rautar falo, kuma tunda marigayi kaɗai ya san kalmar shiga saitinta, sai an goge komai, har da sunan. Maiɗakina ta ce atafau. Kullum da safe in ta zo kusa da ƙofar, wayarta takan kama sunan nan, ta ji kamar ya gaishe ta. Na amsa mata, cikin muryar da nake koyarwa da ita a jami'a, cewa na'ura ba ta da rai. Tun daga ranar ba ta ce mini komai sai abin da ya zama dole.

Na sayi ƙaramar na'urar ƙara zangon sabis. Tana cikin kwalinta. Ban buɗe ba, ban sake ta da maganar ba, yarinyar kuma har yau tana bakin ƙofa.

Wani uba

Malam,

Ka ce ta'aziyya ta ishe ka, to bari mu tafi kan aiki. Mai gyaran ya yi gaggawa. Na'urar da ka saya ba ruwanta da saitin rauta. Kalmar sirrin waifai kawai take buƙata, wadda ka riga ka sani. Ka jona ta a soket tsakanin ɗakin da falo, inda wayarka ke nuna sabis da sauran ƙarfinsa. Kada ka kai ta inda ya riga ya mutu, don ba ta iya ba da abin da ba ta samu ba. Ka ɗaga ta sama, nesa da firiji da bayan talabijin. Idan hakan bai wadatar ba, a ja kebul daga bayan rautar ta ƙarƙashin ƙofa. Sau ɗaya kawai za a shiga ɗakin, ba a goge komai.

Ka kuma rubuta sunan da kalmar sirrin yau ka adana. Rauta kan lalace, amma ana iya sa wa sabuwa sunan nan harafi da harafi.

Kana da gaskiya, karatun yarinya ba zai jira ba. Amma uwa ba ta ce na'ura tana da rai ba, ta gaya maka inda take jin ɗanta ne, kai kuma ka gyara mata kuskure kamar ɗaliba. Ka ba ta haƙuri, ka tabbatar mata sunan ba zai taɓu ba, sannan ka buɗe kwalin a gabanta.

Ita ma 'yarka, ka tambaye ta. Mai yiwuwa ba sabis kaɗai ke zaunar da ita a ƙofar nan ba. Ka kai mata sabis ɗakinta saboda jarrabawa, amma in ka sake ganin ta a wurin, kada ka tashe ta. Ka ɗauko darduma ka zauna kusa da ita.

Allah ya jiƙansa, ya ba ta sa'a, ya sanyaya muku zuciya baki ɗaya.