Ba Zan Ba Ikrima

Kurfi, Litinin

Alhaji Mutawakkil,

Salamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar taka? Tunda kunnena ya daina jin waya, ga ni ta imel ɗin da ka matsa mini in koya. Magana ɗaya ce. Ɗana Ikrima, manomin nan, ya ga 'yarka Mardiya, ita ma na ji ba ta kau da kai ba. Kafin in turo ƙannena da goro na ce in fara jin ta bakinka, don shekara arba'in muna tare ba ka taɓa ba ni kunya ba. A gaida mutan gida.

Amininka,
Ilu

Dutsin-Ma, Talata

Zuwa ga Malam Ilu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da
fatan
kana cikin ƙoshin lafiya. Dangane da
wasiƙarka
ta jiya, na karanta na kuma fahimta.
Gaskiya
ni dai ba zan ba Ikrima

Kurfi, Laraba

Alhaji,

Sallama wajibi ce, ga ta nan. Na ga saƙonka. Da farko na ɗauka waƙa ka rubuto mini, layi dogo layi guntu kamar haƙoran tsoho. Da na kai ƙasa na gane ba waƙa ba ce. Ba za ka ba Ikrima ba. To madalla. Ko "ba" ɗin ƙarshe ba ka ga dama ka ƙarasa ba, balle sa hannu. Ka datse magana kamar mai korar 'yar talla.

Na karanta wa uwarsa Batula, ta ce dama tun da ka koma Hajji karo na biyu gaisuwarka ta gajarta. Shi kansa ban gaya masa ba, don ban san da wane baki zan fara ba. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. In noma ne aibinsa, ka tuna tumatirinsa kake ci duk rani.

Ka huta lafiya.
Ilu

Dutsin-Ma, Alhamis

Zuwa ga aminina Malam Ilu,

Bayan gaisuwa da ban haƙuri. Wannan da tsohuwar tafiretata na buga ta, na ba direban Kurfi, domin ni da kwamfuta mun ɓata.

Ka san shekara talatin da ɗaya na yi ina buga takardu a ofis. Tafireta tana da ladabi: in layi ya kusa cika sai ta kaɗa ƙararrawa, ka tura hannu ka dawo farko. Wannan abar ba ta da ƙararrawa. Ni nake ƙirga haruffa in danna maɓallin Enta don in sauka sabon layi, ashe ita ma tana naɗe layi yadda ta ga dama, shi ne ka ga kalma ɗaya tsaye ita kaɗai. Na koma in gyara, ɗan karan nan mai ƙiftawa ya tsallake sama. Na kamo shi, sai duk harafin da na buga ya cinye na gabansa. Sau uku tana cinye mini "Malam" daga sunanka ina mayarwa. Wadda ta saba fitar da ni Mardiya ce, kuma ka san ba zan kira ta ta gyara mini wasiƙar aurenta ba.

Da na kai layin da ya ɓata maka rai, ƙaramin yatsana ya sauka kan maɓallin kusurwa daidai lokacin da na danna Enta. Ashe in an haɗa su biyu, aikawa ke nan. Na yi ta danna na gogewa, saƙo ya riga ya kai Kurfi. Abin da na nufa shi ne: ba zan ba Ikrima wahala ba. Na ba shi. Ka gaya wa Hajiya Batula gaisuwata na nan da tsawonta.

Amma laifin ba duka na na'ura ba ne. Na fi minti ashirin a kan wannan layin. Tun rasuwar matata Yahanasu, Mardiya kaɗai ta rage mini a gidan nan, ita ke zuba mini ruwan alwala, ita nake ji tana motsi a tsakar gida. Ina cikin wannan tunani yatsan ya zame.

Haza wassalam. Naka har kullum,
Mutawakkil

Kurfi, Juma'a

Alhaji,

Wa alaikumus salam. Direba ya kawo. Ka yafe mini, Batula ma ta janye maganarta. Ƙannena na tafe ranar Lahadi.

Na zaunar da Ikrima mun yi magana. A Dutsin-Ma za su zauna, a layinku in an samu gida. Ni 'ya'ya shida ne a gabana, kai ɗaya gare ka.

Allah ya bar zumunci.
Ilu