An Huda Bishiyar Baba

Litinin, 3 ga Maris

An huda bishiyar phayung ɗinmu ta bakin gona, mai katakon nan mai tsada. Rami kamar yatsa, garin itace ja a ƙasa. Haka ɓarayin katako ke yi, su duba ko cikinta ya nuna. Watan jiya ma sun kwashe na makarantar da ke gindin dutsen Phu Kao, sun bar kututture.

Baba ya shuka ta tun muna ƙarƙashin lardin Udon, kafin a yanke mana lardin Nong Bua Lamphu a ce ita ce bishiyar lardi. Yara na zana ta a aji, manya na sace ta.

Laraba, 5 ga Maris

Mai gari ya ce a kira malamin haikali ya ɗaura mata mayafi ruwan goro irin wanda malaman haikali ke yafawa, ta zama malama, wanda ya sare ta ya kwashi zunubi. Kowa ya yarda sai ƙanena Bunthan. Ya ture kwandon shinkafa, wai in aka ɗaura ko ni ba ni da ikon taɓa ta har abada. Na ce dama wa ya ce zan taɓa?

Da yamma na shiga ƙarƙashin gidanmu da ke kan dirkoki neman igiya. Abin hujin Baba ba ya kan ƙusarsa. Ni da Bunthan kaɗai muka san wurin.

Alhamis, 6 ga Maris

Ban gaya wa kowa ba. Haushi kamar ya kashe ni.

Juma'a, 7 ga Maris

Malam ya zo, rabin gari na biye da shi. Da aka gama addu'a aka miƙo mini mayafin, ni kuwa na miƙa wa Bunthan a gaban kowa, na ce ɗa namiji ya kamata ya ɗaura. Da gangan na yi. Ya karɓa ya ƙulla. Da ya sunkuyo kusa da ni ya ce, "Yaya, kin kashe ni. Ba ki san mutanen da na yi wa alkawari ba."

Na ce ya je ya gaya musu malama ce yanzu. Har na ji daɗin maganata.

Lahadi, 9 ga Maris

Wata farar mota mai baƙin gilashi ta tsaya a ƙofar Bunthan, ba wanda ya fito. Tun jiya babu shi, babu babur ɗinsa.

Talata, 11 ga Maris

Matarsa Samruai ta zo ta zauna a matakala, ba ta taɓa abincin da na ajiye mata ba. Wayarsa a kashe.

Bishiya na nan lafiya, mayafi ko motsi bai yi ba. Na je dubawa ne kawai. Ƙullin nasa bai da wani ƙarfi, mutum ɗaya ma zai iya kwance shi. In babu mayafi kuwa, ta koma itace kawai. Na daɗe a tsaye hannuna a kai.

Gobe zan koma. Dubawa kawai.